Kun Tambaya, Na Amsa: Me Ake Koyarwa a Jami'ar Bocconi ta Milan?

Tun da na ambata a wannan fili cewa a Jami'ar Bocconi ta birnin Milan, ƙasar Italiya, na yi digirina na biyu, wasiƙu suka yi ta shigowa a kanta. Na taƙaita wasu, na haɗe masu kama da juna, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, harkar yadi nake yi tun ina saurayi. Babban ɗana zai gama sakandare baɗi, burina ya yi karatun kasuwanci a waje, ya dawo ya riƙe mana harkar da ilimin zamani. An ce mini Bocconi ce makarantar 'yan kasuwa a Turai. In ya je can zai dawo ya iya ciniki?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ciniki kam a wurinka zai koya. Bocconi ba ta koyar da shi, kuma ba ta taɓa cewa tana koyarwa ba.

Sai dai wanda ya kafa ta abokin sana'arka ne. Ferdinando Bocconi ɗan kasuwar yadi da tufafi ne. Shi da ɗan'uwansa suka buɗe shagon ɗinkakkun kaya a Milan a 1865, Allah ya sa wa harkar albarka har ta zama katafaren kanti kusa da babbar majami'ar birnin. Daga baya kantin ya koma hannun wasu aka sa masa suna La Rinascente, yana nan har gobe. Luigi, ɗan Ferdinando, ya bi sojojin Italiya zuwa Habasha, bai dawo daga yaƙin Adwa na 1896 ba, wanda Sarki Menelik na Biyu ya yi wa Italiya kaca-kaca a cikinsa. Uban ya zuba dukiyarsa ya buɗe jami'a a 1902, ya sa mata sunan ɗan. Ita ce ta farko a Italiya da ta fara ba da digiri a fannin tattalin arziki. Tsohon ya riga ya iya saye da sayarwa. Abin da ya gina shi ne wurin da za a nazarci kuɗi da kasuwa da gwamnati kamar yadda ake nazarin likitanci ko injiniyanci.

Haka abin yake har yau. Ɗanka zai shiga aji mai ɗalibai ɗari da 'yan kai, kuma abin da zai fara tarar da shi lissafi ne, mai zurfi ba na kanti ba. Bayansa ƙididdiga, tattalin arziki kashi biyu, na kamfani da mai saye da kuma na ƙasa baki ɗaya, sai aikin akanta, dokokin ciniki, kwamfuta, da tarihin tattalin arziki. Na ga yara masu baki, waɗanda in ka bar su a shago za su sayar wa mai wucewa abin da bai fito saye ba, lissafin shekarar farko ya hana su barci. Na kuma ga shiru-shiru waɗanda ko farashin takalmi ba za su iya tayawa ba, su ne a saman aji.

To me zai kawo maka? Zai iya duba littattafanka ya gaya maka wane kaya ne ke kawo riba, wanne ne ke kwana a sito yana cin jarinka ba ka sani ba. Zai gane yadda canjin kuɗi ke lashe riba tsakanin ranar oda da ranar isowar kaya, da hanyoyin kare kai daga hakan. Zai iya zama da banki ko kamfanin waje ya karanta yarjejeniya layi-layi, ba a yi masa rufa-ido ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga harkar da ta girma ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Amma sanin wanda za a ba bashi da wanda za a hana, da lallashin abokin ciniki da ya yi fushi, ba su cikin manhaja.

Akwai abu guda da nake so ka sani tun yanzu, don kada ya zo maka a ba-zata. Iskar makarantar ba shagon gida take kaɗa yara ba. Tun daga shekarar farko hirar ɗalibai ita ce wa ya samu gurbin sanin makamar aiki a manyan bankuna irin su Goldman Sachs ko J.P. Morgan a Landan, wa kamfanin ba da shawara na McKinsey ya kira, wa ya shiga bankin Mediobanca. Yaron da ya yi shekara uku yana jin wannan safe da yamma, ba lallai ne ya gama da sha'awar zama a rumfar yadi ba. Ka zaunar da shi ku yi maganar nan a fili kafin ka biya ko sisi.

In kun daidaita, to ga inda Milan ta dace da ku fiye da garuruwa da yawa. Italiya ƙasar kamfanonin gado ce, irin su Ferrero da Barilla da Zegna, kuma a Bocconi akwai malaman da aikinsu shi ne nazarin yadda uba ke miƙa wa ɗa harka ba tare da ta wargaje ba. Garin Como, cibiyar siliki, bai wuce tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa ba. Biella ta ulu tana nan yamma, Prato tana kudu kusa da Florence. Sau biyu a shekara ana baje kolin yadi mai suna Milano Unica. Da ni ne kai, sharaɗin da zan gindaya masa shi ne ya bar abokansa su yi ta rububin bankuna, shi ya nemi sanin makamar aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan. In kuwa abin da kake nema makarantar da ta fi karkata ga kafa sana'a da tafiyar da ita ne, ka bincika Kwalejin Babson da ke jihar Massachusetts ta Amurka, da wannan aka san ta, sai dai kuɗinta ya ninka na Bocconi.

Tambaya: Malam, ina aji biyu na babbar sakandare. Ta yaya ake samun gurbi? Ana yin ganawar baki? Na iya Turanci sosai, kuma ni ne shugaban ƙungiyar muhawara ta makarantarmu.

Amsa: Ƙanena, ka yi tambaya a kan kari, don shekarar da kake ciki tana cikin waɗanda za a duba.

Muhawararka za ta yi maka amfani a rayuwa, amma ba ita za ta buɗe maka wannan ƙofa ba. Jami'o'in Amurka ne ke son jin labarin mutum da abin da ya yi a wajen aji. Bocconi lambobi take dubawa, kuma ba a ganawar baki a yawancin kwasa-kwasan digirin farko. A 'yan shekarun nan ma'aunin biyu ne: sakamakon jarrabawar shiga ya ɗauki kashi 55 cikin ɗari, makin sakandare ya ɗauki 45. Makin sakandaren ma ba na jarrabawar fita ba ne, na shekara biyun da suka gabaci ajin ƙarshe ne. Yaro ya yi wasa a aji ɗaya da aji biyu da niyyar zai dage a aji uku, ya makara. Takardar kammalawa ana buƙatarta, amma sai wajen rajista, kuma Italiya ba ta karɓar wanda bai yi aƙalla shekara 12 a makaranta ba kafin jami'a.

Jarrabawar shiga zaɓi ne: SAT, ko ACT, waɗanda jarrabawar shiga jami'a ce ta Amurka, ko ta jami'ar kanta wadda ake yi ta intanet daga gida. Tata tambaya 50 ce cikin minti 75, kusan rabi lissafi, saura fahimtar rubutu da auna tunani. Minti ɗaya da rabi ke nan ga kowace tambaya, kuma amsar da ba daidai ba tana rage maki, saboda haka cankar in-Allah-ya-yi ba ta da riba. Ni SAT nake ba da shawara, don sakamakonta zai yi maka aiki a wasu jami'o'in in wannan ba ta yiwu ba. Cikakken makinta 1600 ne. Ka sa 1400 a matsayin mafi ƙarancin abin da kake hari, in kuwa kwas ɗin harkar kuɗi kake so, ka ɗaga sama da haka. Za a kuma nemi shaidar Turanci irin IELTS ko TOEFL.

Zagaye-zagaye ake ɗaukar ɗalibai. Na farko tun wajen Satumba na shekarar da ta gabaci fara karatu, wato kana shiga ajin ƙarshe ke nan. Na biyu a cikin hunturu. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka rubuta jarrabawarka kafin hutun ƙarshen wannan shekara, in makin bai yi maka ba ka samu sararin maimaitawa. A takardar nema ana jera kwasa-kwasai bisa fifiko. Kada ka sa kwas a jerin don cike gurbi kawai, ana iya ba ka shi.

Samun gurbi rabin aiki ne. Bayansa sai ka yi rajistar share fage a shafin gwamnati mai suna Universitaly, ka samo takardar da ke tabbatar da cewa shaidar sakandarenka ta yi daidai da ta Italiya, ko daga ofishin jakadanci ko daga cibiyar CIMEA, sannan ka nemi bizar karatu ta dogon zama. Layin ofishin jakadanci yakan yi tsawo a watannin Yuni zuwa Agusta, karatu kuma farkon Satumba ake farawa. Kana sauka, doka ta ba ka ranakun aiki takwas ka shigar da neman takardar izinin zama. A gidan waya ake karɓar fom a kuma mayar, daga baya 'yan sanda su kira ka ɗaukar hoton yatsu. Ka kuma karɓi lambar haraji da wuri, don in babu ita ba haya, ba asusun banki.

Tambaya: Malam, ni mace ce, ina son kwamfuta kuma ina son siyasar duniya. Makarantar kasuwanci tana da wuri ga irina? Kuma dole sai na iya Italiyanci?

Amsa: Tana da shi, ƙanwata, har kin yi sa'a abubuwan da kike so biyun duk da Turanci ake koyar da su.

Ɗalibai da gajerun sunaye suke kiran kwasa-kwasan, gara ki saba da su. BIEM shi ne gudanarwa da tattalin arziki, shi ne babbar hanya, ya fi kowanne jama'a. BIEF harkar kuɗi ce, nan ake turmutsutsu. BESS tattalin arziki ne zalla ga mai niyyar zama malamin jami'a ko ma'aikacin babban banki. Naki su ne BEMACS, wanda ya haɗa tattalin arziki da kimiyyar kwamfuta, da BIG, siyasar duniya da mulki. Akwai kuma BAI, lissafi da kwamfuta don ƙirƙirarriyar basira, wanda a gaskiya digirin lissafi ne. Kada ki kusance shi sai in lissafi ne abin da kike yi don nishaɗi. Duk waɗannan shekara uku ne. Akwai na fasaha da al'adu, akwai na shari'a, akwai kuma WBB mai shekara huɗu, wanda ake fara shi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Los Angeles, shekara ta biyu a Hong Kong, ta uku a Milan, ta huɗu inda ɗalibi ya zaɓa, a fito da digiri uku. Daɗin ji gare shi, amma kuɗin Amurka ake biya a shekarar farko, mutane kaɗan kuma ake ɗauka.

Tsakanin naki biyun, ni BEMACS zan ce. Dalilina: wadda ta iya sarrafa alƙaluma da rubuta manhajar kwamfuta za ta iya komawa siyasa a digiri na biyu, ƙungiyoyin duniya ma neman irinta suke yi. Juyawa daga siyasa zuwa kwamfuta ya fi wuya. Amma in zuciyarki na ga BIG, kada ki ɗauka kin tsere wa lambobi, can ma ƙididdiga na jiranki.

Italiyanci ba sharaɗin shiga ba ne. Za ki iya gama digiri da Turanci, za kuma a koya miki harshen a matsayin darasi. Ki ɗauke shi da gaske. Mai gidan haya, ma'aikacin gidan waya, likitan unguwa, da yawancin kamfanonin ƙasar da za ki nemi aiki a wurinsu, da harshensu za su yi miki magana.

Tambaya: Malam, ni uwa ce, mahaifinsu ya rasu. Ɗiyata tana da ƙoƙari ƙwarai. Na ji an ce karatu a Italiya kusan kyauta ne. Nawa zan tanada?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Wanda ya gaya miki haka bai yi ƙarya ba, sai dai jami'o'in gwamnati yake nufi. Bocconi mai zaman kanta ce.

Kuɗin makaranta na digirin farko ya haura Yuro dubu 15 a shekara, kuma yana ɗan ƙaruwa kusan kowace shekara. Milan na cikin biranen da suka fi tsadar haya a duk ƙasar. Ɗaki ɗaya a gidan da ake haɗaka da wasu yakan fara daga wajen Yuro 600 a wata ya yi sama. Abin ya kai a watan Mayu na 2023 ɗalibai suka kafa tantuna a gaban jami'ar Politecnico suna kwana a ciki don nuna ƙin amincewa da tsadar. Bocconi tana da gidajen kwanan ɗalibai, wasu a jikin makarantar, amma ba sa isar kowa, sai an nema da wuri. In aka haɗa haya da abinci da littattafai da kayan sanyi, da wuya yarinya ta kashe ƙasa da Yuro 1,000 a wata. Abin da ke da sauƙi shi ne sufuri, katin wata na matasa bai kai Yuro 30 ba. A lissafina shekara ukun za su doshi Yuro dubu 90.

Ofishin jakadanci zai nemi shaidar guzurin shekara, wanda a 2025 wajen Yuro dubu 7 ne. Wannan ƙa'idar biza ce ta ƙasa baki ɗaya, kada ki gina kasafinki a kanta, ba za ta riƙe mutum a Milan ba. Kada kuma ki dogara da cewa za ta yi aiki ta biya. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 20 a mako, kada ya wuce 1,040 a shekara. Zai sayi abinci, ba zai biya kuɗin makaranta ba, kuma a makarantar da kowa ke gudu, awa 20 babban giɓi ne.

Tallafi iri biyu ne. Akwai na hazaƙa, wanda ake yafe wa zakaru cikin waɗanda aka ɗauka kuɗin makaranta. Akwai na duba halin iyali, wani daga jami'ar, wani daga asusun yankin Lombardiya, kuma wannan ne nake so ki sa wa ido, don halin da kuke ciki abin dubawa ne a wurinsu. Wahalarsa takardu: shaidar kuɗin shiga na iyali, ta kadarori, ta yawan mutanen gida, ta rasuwar mahaifi, kowace a fassara a buga mata hatimin hukuma. Ki fara tara su tun kafin sakamako ya fito. Tallafin kuma ba a ba da shi a manta, sai ta ci wani adadi na jarrabawa kowace shekara kafin a sabunta.

Ki sa ta nemi jami'o'in gwamnati tare da wannan. A Milan ɗin akwai Statale da Bicocca, akwai Bologna, akwai Padova. Kuɗinsu bisa ƙarfin iyali ake yanka shi, ba kasafai yake wuce Yuro dubu 4 ba, mai ƙaramin ƙarfi kuwa yakan biya kusan babu, har ya samu tallafin abinci da masauki. In ta yi fice a can, ƙofar Bocconi a buɗe take a digiri na biyu, shekara biyu kacal, kuma a ganina sunan makarantar ya fi yin aiki a wannan mataki. Abin da ba zan so ba shi ne ki sayar da gidan marayu saboda suna.

Tambaya: Yaya, an ba ni gurbi, alhamdu lillahi. Ina sa hijabi, ba na shan giya. Tsoro nake ji kada in zama saniyar ware. Yaya zaman ɗalibai yake?

Amsa: Barka, ƙanwata, Allah ya sa albarka. Bari in fara da abin dariya. A zauren tsohon ginin da ke titin Sarfatti akwai gumakan zakuna biyu. Ɗalibai sun camfa cewa duk wanda ya ratsa tsakaninsu ba zai gama karatu ba. Za ki ga cunkoso da safe, mutane na matsuwa ta gefe, tsakiya kuma fayau. Waɗannan fa su ne masu koyon ƙididdiga. Ranar yaye ɗalibai ake ramawa, kowa da kambun ganye a ka, a ratsa tsakiyar ana ɗaukar hoto.

Camfin yana gaya miki abin da ke zukatansu. Maki a kan 30 ake ba da shi, 18 ne cin jarrabawa, digiri kuma a kan 110. Matsakaicin makinki shi ke yanke wace jami'a za a tura ki musayar zango guda a waje, don jeri ake yi daga sama zuwa ƙasa, kuma shi kamfanoni ke fara dubawa. Saboda haka za ki ga wadda ta ci 26 tana share hawaye. Lokacin jarrabawa in ba ki yi sammako ba, ba kujera a laburare. Hatta ƙungiyoyin ɗalibai, waɗanda sun haura ɗari, wasunsu sai an yi wa mutum tambayoyi kafin a karɓe shi, musamman na masu nazarin hannun jari da JEME, kamfanin ba da shawara da ɗalibai ke tafiyarwa tun 1988. Ranar baje kolin ayyuka kuwa yara 'yan shekara 19 za ki gani cikin kwat, kowa da takardar tarihin karatunsa a hannu.

Ra'ayina a kan wannan rabe yake. Gasar tana sa mutum ya yi abin da bai san zai iya ba, kuma makarantar da ta yaye Mario Monti, wanda ya shugabance ta ya kuma zama firaministan Italiya daga 2011 zuwa 2013, da masana irin su Alberto Alesina da Nouriel Roubini, ba da wasa ta kai nan ba. Amma tana kuma sa yara su ɗauka hanya ɗaya ce tak a duniya. Ki nemi ƙawaye biyu ko uku da za ku riƙa bitar darasi tare, waɗanda ba sa ɓoye abin da suka sani. Akwai su da yawa, musamman cikin 'yan kudancin Italiya da suka baro gida kamar ke, da sauran baƙi.

Batun hijabi, babu dokar da ta hana rufe kai a jami'o'in Italiya. Rufe fuska ne ke da magana: akwai dokar 1975 a kan rufe fuska a bainar jama'a, yankin Lombardiya kuma ya hana shiga asibitoci da ofisoshinsa da fuska a rufe. Kallo kam za a kalle ki wani lokaci a cikin gari, ba zan ɓoye miki ba. Ni ma wani mai gida ya ce mini ɗaki na nan a waya, da ya gan ni sai ɗakin ya zama an riga an kama. A cikin makaranta ban ga irin wannan ba, an saba da baƙi.

Zumuncin 'yan Milan da yamma ake yin sa, a abin da suke kira aperitivo: a sayi abin sha ɗaya, a ci ɗan abin taɓawa, a yi hira. Unguwar Navigli mai magudanan ruwa tana kusa da makaranta, can ake zuwa. Yawancinsu giya suke sha, amma akwai lemon kwalba irin Crodino da matsattsen lemon zaƙi, kuma da wuya wani ya tsare ki da tambaya. Ke za ki yanke wa kanki iyaka. In zaman wurin bai kwanta miki ba, ba ki rasa komai ba, don rabin abotar makarantar a tsaye ake ƙulla ta wajen shan gahawa tsakanin lacca da lacca. Abin da za ki fi kula da shi naman alade ne. Yana cikin yankakken naman da ake sawa a burodi, wani burodin ma da kitsensa ake yi, wasu kayan zaƙi kuma ana ɗiga musu giya. Ki koyi tambaya da harshensu tun makon farko.

Musulmi suna da yawa a birnin, Misirawa da 'yan Maroko da Bangaladash da Senegal. Titin Padova cike yake da mahautan halal. Akwai wuraren salla a unguwanni, akwai kuma masallacin Segrate a bayan gari mai hasumiya, wanda aka buɗe a 1988. Juma'a ranar karatu ce kamar kowace. Ki tafi da rigar sanyi ta gaske. A Disamba kafin ƙarfe biyar duhu ya yi, ga hazo, kuma wannan duhun ya fi kallon mutane karya wa baƙo gwiwa.

Tambaya: Malam, na yi shekara shida ina aikin banki. Digiri na biyu zan nema ko MBA, wato babban digirin gudanar da kasuwanci? Kuma karatun harkar kuɗi a can, ba kuɗin ruwa ba ne zalla?

Amsa: Ɗan'uwa, MBA. Digiri na biyu na shekara biyu an tsara shi ne don waɗanda suka fito daga digirin farko, za ka tarar da kanka cikin 'yan shekara 22. MBA a wani reshe ake yin sa, SDA Bocconi, wanda aka kafa a 1971, yana sabon harabar da aka gina a filin tsohon kamfanin madara na birnin. Kimanin shekara guda ne, sai mai gogewar aiki ake ɗauka, ana neman sakamakon jarrabawar GMAT ko GRE, kuma a nan ana ganawar baki. Tsadarsa ta fi ta sauran nesa ba kusa ba, don haka ka fara tambayar bankinku ko za su ɗauki wani kaso.

Tambayarka ta biyu, e, a kan kuɗin ruwa aka gina kwas ɗin. Da shi ake auna darajar takardun lamuni, da kamfani, da duk kuɗin da za a karɓa nan gaba. Hukuncin koyo da na aiki da shi na malamai ne, su za ka tambaya. Abin da zan iya gaya maka shi ne masu tsara sukuk, wato takardun jari na Musulunci, da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa su ma da wannan lissafin suke auna kayansu, amma in wannan fannin kake so ka ƙware a kai, Malesiya ko Ingila za ka dosa, ba Milan ba. In ka gama a Italiya, doka ta ba ka damar neman izinin zama har zuwa shekara guda don neman aiki, kuma ana shigar da neman ne kafin izinin karatun ya ƙare.